Ƙwaya Ukun da Dou Ping Ya Bari

Kwana ashirin da bakwai ke nan Dou Ping yana kwance a ɗakin gabas, cikin akwatin da ba a rufe ba, kuma har yanzu ba a yarda a ce ya mutu ba. Tsakiyar bazara ce a birnin Loyang, irin zafin da ke lalata naman rago kafin a iso da shi gida daga kasuwa, amma gawar ba ta yi wari ba, ko ƙuda ba ya sauka a kanta. Abin da ake zuwa kallo ke nan. Yayansa Dou Kang ne yake tsayawa a bakin ƙofa yana shigar da mutane uku-uku, yana nuna musu kumatun da suka ƙi zubewa, kamar dillalin doki a kara.

Pei Lanying, matar Ping, tana jin su daga ɗakin girki. An hana ta sa farar rigar rama ta makoki, an hana ta kuka. Malam Feng, malamin addinin Dao ɗin da ya dafa maganin, ya ce wanda ya sha maganin dawwama ba mutuwa yake yi ba, saɓa yake yi irin ta maciji. Tsohuwar fatar ce a akwati, shi kuwa yana can bisa bayan gauraka yana neman hanyar tsibiran gabas, kuma kukan mace yana iya janyo shi baya ya ɓata hanya. Don haka in kukan ya taso mata sai ta ɗauki wuƙa ta hau kan kabeji, ta yi ta sara har katakon ya tsage.

Wata tara aka yi ana hura wutar maganin nan a bayan gida: jan dutse, zaiba, dalma da farar wuta, a cikin tukunyar da aka liƙe bakinta da laka. Duk tsawon lokacin ba a bar Lanying ta taka wajen ba, wai idon mace yana ɓata irin wannan girki, kamar yadda na kare yake ɓatawa. Ta bayan kyaure take miƙa musu abinci. Amma da aka fasa tukunya aka sami ƙwaya tara jajaye, Ping ya fara shan ɗaya duk tsayuwar wata, jikinsa kuma ya fara zubewa, babu wanda ya ƙara tunawa da maganar idon mace. Ita aka bar wa shi.

Ping mutum ne mai sanyi, magatakarda a ma'ajiyar hatsi, wanda ake kawo wa takarda daga wasu unguwanni saboda kyan rubutunsa. Tsoro ne kawai ya yi masa yawa. Ubansu ya faɗi matacce yana cikin cin abinci, yana da shekara hamsin da ɗaya, shi kuma tun da ya shiga arba'in bai ƙara samun natsuwa ba. A ƙwaya ta biyu dasashinsa ya fara jini. Daga nan hannunsa ya kama rawa, alƙalami ya daina zama a yatsunsa. Ya ce tururuwa ce take yawo a ƙarƙashin fatarsa, ya yi ta susa har sai da Lanying ta naɗe masa hannaye da tsumma. Haƙoransa ita ta riƙa tsince su a kan matashi. Duk abin da ta kai wa Malam Feng, sai ya shafa gemu ya ce madalla, magani ne yake korar tsofaffin cututtuka, mataccen jini ne yake fita, tururuwar kuwa muguwar iska ce take neman ƙofa. Ya ce kada a kuskura a tsaya, wanda ya tsaya a tsakiya shi ne yake cutuwa. Ping, mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, ya jefe ta da kwanon shayi, sannan ya zauna yana hawaye yana tambayarta ita wace ce. Ƙwaya ta shida ita ta ba shi da hannunta, don ya roƙe ta, don kuma duk gidan sun tsaya a kanta. Wannan ne ya fi cin ranta.

Saura uku, a cikin ɗan ƙaramin akwatin jan itace, mabuɗin yana rataye a ɗamarar Kang. Ranar da gawar ta cika wata guda ya tara gidan ya sanar cewa nan da kwana goma mahaifiyarsu, Inna Meng, za ta cika shekara saba'in, kuma a wajen bikin, a gaban baƙi, zai ba ta ƙwayoyin. Ya ce wane ɗa ne zai ga ƙofar dawwama a buɗe ya bar uwarsa a waje? A ƙarshe ya ƙara, kamar abin da ya faɗo masa a rai, cewa Wakili Lang zai halarta, wanda gwamnan lardi ya turo ya tattara sunayen 'ya'ya masu biyayya ga iyaye don a aika babban birni a ba su muƙami. Kang ya zauna jarrabawar shiga aikin sarki sau huɗu, sau huɗu yana dawowa kai a sunkuye. Shekararsa arba'in da takwas. Babu wata ƙofar da ta rage masa.

Washegari Lanying ta tare shi a zaure. Ta durƙusa yadda ya kamata, ta ce masa maganin nan shi ya kashe ƙaninsa, a hannunta ya cika, ta san abin da ta gani.

"Matar Ping," ya ce, "kin taɓa ganin gawar da ta yi wata guda a bazara ba ta ruɓe ba?"

"Na ga kifin da aka zuba wa gishiri, Yaya. Shi ma ba ya ruɓewa. Ban dai taɓa ganin ya koma kogi ba."

Ya ce laifin babanta ne da ya koya wa 'ya mace karatu, ga shi yau tana gwada mijinta da busasshen kifi. Ya tuna mata cewa ba ta haifa wa gidan ɗa namiji ba, zamanta a nan alfarma ce, ta koma wajen tukwanenta.

Ta koma, amma ba girki ta yi ba. Ƙoƙon da take jiƙa wa Ping ƙwayar a ciki yana nan ba ta wanke ba, da jan datti a gindinsa. Ta kankare shi, ta cuɗa da dafaffiyar shinkafa, ta ba wata wake-waken kaza. Kwana biyu kazar tana tangaɗi tana zubar da ruwa ta baki, a na uku ta mutu. Lanying ta ɗauko ta ta ƙafafu, ta tarar da Kang da Malam Feng suna shan shayi a gindin kanya, ta ajiye ta a tsakanin kofunansu, ta faɗa musu abin da ta ci.

Malam Feng bai ko janye gwiwarsa ba. Ya taɓa kazar da ɗan yatsa, fuskarsa ta cika da fara'a, ya ce a zamanin da akwai gidan da kajinsa da karnukansa suka lashi tukunya suka bi maigida sama, bai zaci zai ga irin wannan da idonsa ba. Ya ce a ɗora ta a kan kantar ajiye kaya a gani ko za ta ruɓe.

"To kin gani," in ji Kang, yana dariya. "Har kazarki ta riga ki shiga."

Lanying ta tsaya tana kallonsu. A nan ta gane babu gawar da za ta kawo wa mutanen nan su kira ta gawa.

Saura tsohuwar da kanta. Inna Meng yanar ido ta hana ta gani shekara shida, amma bakinta bai taɓa rufewa ba. Kowace safiya Lanying ce take taje mata kai, ita kuma tana zagin tajewar. Ana saura kwana biyu biki, Lanying ta tsayar da mataji a tsakiyar farin gashin, ta ce a hankali, "Inna, kada ki sha."

"Saboda me?"

"Saboda Ping."

"Ping ya yi me?"

Tsohuwar ta juyo da fararen idanunta tana jira. Wata guda ke nan tana sa a ajiye wa autanta kwanon shinkafa, wai ko zai leƙo a kan hanyarsa. Lanying ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Ta faɗa wa Kang, ta faɗa wa Malam Feng, ta faɗa wa katakon yanka, amma ta kasa faɗa wa matar da ta haife shi.

"In ba ki da magana ki ci gaba," in ji Inna. "Kuma tajewa na ce, ba figar kaza ba."

Ranar biki aka kafa rumfar jan yadi a tsakar gida, aka jera ƙananan tebura. Rana tana tsaka. An ci doguwar taliyar tsawon rai, an ci rago da tafarnuwa, Inna ta ci fiye da yadda ta saba. A damanta Wakili Lang ne, mutum mai jiki, mai yawan tari, yana fifita. A hagunta ƙaninta ne, Kawu Meng, tsoho mai nauyin kunne da son a ji ra'ayinsa. Lanying tana tsaye a bayan surukarta riƙe da butar giya mai ɗumi.

Bayan an kwashe kwanuka aka kawo ruwan cittar da Inna take sha don ƙirjinta. A ƙasar nan duk maganin da uwa ko uba za su sha, ɗa ne yake fara ɗanɗanawa. Kang bai taɓa damuwa da wannan ba, Ping ne mai yi, bayansa kuma Lanying. Amma yau sai ga shi ya miƙe, ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya kurɓa, ya lumshe ido kamar mai sauraron cikinsa, sannan ya durƙusa ya miƙa wa uwarsa. Baƙi suka yi ta gyaɗa kai. Wakili ya raɗa wa na kusa da shi wani abu. Lanying ta kalli wannan wasan daga farko har ƙarshe, hannunta ya ƙara matse butar.

Sai aka kawo akwatin. Malam Feng ya ƙona turare, ya yi karatunsa yana fuskantar gabas. Kang ya kwance mabuɗi daga ɗamara, ya buɗe, ga su nan a kan farin alharini, jajaye kamar nunanniyar magarya. Ya ɗauki ɗaya, ya yi wa Lanying alama ta zuba giyar da za a haɗiye ta da ita. Ta zuba. Maimakon ta sa kofin a hannun Inna, sai ta zagayo ta durƙusa ta miƙa masa.

"Yaya, ka manta," ta ce. "Ba ka ɗanɗana ba."

Ba ta ɗaga murya ba, amma teburan kusa sun ji. Kang ya yi murmushi ya ce wannan ai ba maganin ciwo ba ne, ba ya cikin abin da al'ada take nufi. Kawu Meng ya kama kunne ya tambaya me yarinyar ta ce. Sai da aka maimaita masa da ƙarfi, har sau biyu, don haka wanda bai ji ba ma ya ji.

"Ai gaskiya ta faɗa," in ji Kawu. "Magani magani ne. Ruwan citta ma ka kurɓa kana lumshe ido, balle wannan? Uku ne ai. Ɗaya taka, biyu na yayata. Ko so kake ta tafi ta bar ka?"

Malam Feng ya yi gyaran murya. Ya ce maigida bai yi tsarki ba, mai shan wannan sai ya yi kwana bakwai bai taɓa nama ko tafarnuwa ba.

"Inna ta ci ƙafar rago yanzun nan, Malam," in ji Lanying. "Da tafarnuwa. Ni na zare mata ƙashin." Wani ya yi dariya daga can baya, ya haɗiye ta. "Ko kai za ka taya shi? Kai kam shekara talatin kana cikin tsarki."

Malam Feng ya ce nasa lokacin bai yi ba, akwai sauran bayin da zai nuna wa hanya kafin ya tafi.

"Na lura," ta ce.

Wakili Lang ya naɗe mafici ya ajiye a kan tebur, ya zuba wa Kang ido. Wannan ya fi kowace magana. Kang ya dubi Wakili, ya dubi ƙwayar da ke tsakanin yatsunsa, ya karɓi kofin. Daga inda take durƙushe Lanying tana ganin fuskarsa sosai. Jini ya bar ta, gumi ya tsattsafo a saman leɓensa. Ranar ƙarshen Ping shi ne ya danne masa ƙafafu lokacin da yake bugun gado da su, kuma yanzu ta ga bai manta ba. Ashe ya sani. Duk kwanakin nan da yake shigar da mutane uku-uku ya sani, kuma da saninsa ya ɗauko akwatin nan ya nufi uwarsa da shi. Fushin da ya taso mata har kunnuwanta suka yi zafi.

Ta zaci zai ƙi, ya sha kunya, a watse. Ba ta taɓa kawo wa ranta zai fi tsoron idon Wakili a kan ƙwayar ba. Sai ga shi yana ɗaga hannu. Kofin yana karo da zobensa, ƙas-ƙas-ƙas, giya tana zuba a kan rigarsa ta biki. Kalma ɗaya daga bakinta za ta iya tsayar da shi. Ta ji ta a harshenta, ta danne ta da haƙori.

Hannun Inna ne ya fito. Ba ta gani, amma ta bi ƙarar kofin, ta cafke wuyan hannunsa ƙwayar tana dab da leɓensa.

"Ajiye."

"Inna, al'ada ce, baƙi suna..."

"Na ce ajiye, jaki."

Ya ajiye. Ba ta sake shi ba. Ta ce idonta ne ya mutu, ba kunnenta ba. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da na Ping, wata shida tana jin sa, ta san kukan mai tafiya sama ba haka yake ba, ita da ta yi jinyar miji da iyaye. Ta ce ta so a ce su ne da gaskiya, don haka ta yi shiru, in kuwa ƙarya suke yi, to inda ya je nan za ta je, tsohuwa me za ta rasa.

"Amma biyu na haifa suka rayu," ta ce, "ba zan ba tukunyar nan duka biyun ba. Ku rufe abin nan. Ni ma na fasa."

Tari ya sarƙe Wakili. Da tarin ya lafa masa ya share ido da bakin hannun riga, ya ce a duk yawonsa na lardin nan bai ga abin da ya taɓa zuciyarsa haka ba: ɗa zai sha kafin uwa, uwa kuma ta haƙura da dawwama don kada ta rabu da ɗanta. Ya ce zai rubuta wannan da hannunsa. Sannan ya ɗan sassauta murya ya ce tunda gidan ba su da bukatar ƙwayoyin, shi ga ƙirjin nan ya hana shi sakat shekara uku, ko za a taimaka masa.

Kang ya rufe akwatin, ya miƙa masa a durƙushe.

"Ranka ya daɗe," in ji Lanying, "za su kashe ka. Ka shiga ɗakin gabas ka buɗe bakinsa ka gani."

Wakili ya yi mata kallon tausayi. Ya ce wa Kang kewar miji ta taɓa matar nan, a riƙa lallaɓa ta. Kafin la'asar ya hau keken dokinsa da akwatin a cinya, Malam Feng yana biye da shi da ƙullin kayansa, yana yi masa bayanin kwanakin tsarki.

Lanying ta ja Inna zuwa ɗaki, ta zaunar da ita a bakin gado, ta sunkuya za ta cire mata takalmi. Tsohuwar ta ce ta matso. Ta lalubo fuskarta da yatsu, goshi, hanci, kumatu, kamar mai neman wajen da ya fi dacewa, sannan ta ɗauke ta da mari. Lanying ta dafa ƙasa da hannu ɗaya. Ba ta san akwai sauran ƙarfi haka a jikin nan ba.

"Da ban riƙe shi ba fa?"

"Na san za ki riƙe shi, Inna."

"Ƙarya kike yi."

Kuncin Lanying yana ta zuga. Daga tsakar gida ana jin Kang yana yi wa masu kwance rumfa faɗa, muryarsa ta dawo daidai.

"Ƙarya nake yi," ta ce.

"Da kin bar shi ya haɗiye."

"Da na bar shi."

Numfashin Inna yana fita da ƙyar don haushi. Ta ce gidan nan babu mutum ko ɗaya, daga mai sayar da uwarsa sai mai farautar ɗan mutane a gaban baƙi. Ta ce kada Lanying ta zaci za ta gode mata, yau ko gobe. Sannan ta miƙo ƙafar da ba a cire wa takalmi ba.

"Gobe ki dama min kunun gero, mai ruwa-ruwa. Ragon nan ya tsaya min a ciki."

Lanying ta kama takalmin ta fizge shi da ƙarfin da ya fi bukata, tsohuwar kuma ta zage ta har kakanninta.